Wa Ya Ɗauke Lakar Rebecca?

Ihun Lydia ne ya tarbe ni a ƙofar gida ranar Lahadin nan, ina dawowa daga kasuwar Kakuri da kayan miya a ka. Na ɗauka mutuwa aka yi. Na dire kwando na faɗa ciki da gudu, sai na same ta a tsakar gida cikin kayan cocinta, ɗankwali a hannu, tana faɗin an kashe ta, an gama da ita, an sace lakar Rebecca.

Laka fa. Ba rediyo ba, ba keken ɗinki ba, laka.

Ni ce Rakiya, kuma gidan hayar nan da ke Makera namu ne ni da Malam. Lydia ta daɗe a cikinsa, a ɗakinta na kusa da rijiya ta haifi Rebecca, a nan kuma mijinta Samuel ya rasu. Yarinyar ta yi kai, gwamnati ta ba ta tallafin karatu ta tafi Ingila. Da ta dawo hutu a farkon daminar 1985 mun zaci da kayan likita za ta dawo, sai ga ta da takalmin roba da wani ƙarfen huda ƙasa.

Ranar Asabar, jajiberin satar, ta tara mu ƙarƙashin mangwaro ta buɗe abin. Bututun roba ne, tsawonsa ya kai ni a tsaye, an tsaga shi biyu kamar rake, cikinsa laka ce hawa-hawa, baƙa, ja, toka-toka.

Ta ce, "Mama Rakiya, can inda nake karatu akwai kogin da ke shiga teku. Zamanin Rumawa jiragen ruwa ne ke shiga bakinsa su sauke kaya, yau kuwa gonar dankali ce a wurin. Malaminmu ya huda ƙasar ya ga yadda aka yi. Can ƙasa yashin teku ne da ɓawon 'yan halittun ruwan gishiri, sama kuma laka ce ta ruwan daɗi. Kogin ne ya yi ta zubo laka har ya toshe bakin kansa. Ni kuma kogin Kaduna nake so in tambaya, me yake yi a wancan lokacin."

Na ce, "Yanzu Samuel ya ƙare ransa yana shaƙar auduga a masaƙa don ki je Ingila ki koyi wasan laka?"

Ta yi dariya, ta ci gaba da nuna mana da tsinke. Ga gawayi, ga saiwar ciyawa, ga wani ɗan tsingaron tukunya can wajen sama. Daga baya ta rufe ta naɗe da salatif, ta kai ɗakin ajiya na lungun baya.

Abin da ya sa Lydia ihu shi ne, wannan bututun kaɗai ne ya fito lafiya. Duk inda yarinyar ta huda a fadamar da rafinmu ke shiga kogi, dutse take tararwa. Bayan ta samu wannan ɗin ruwa ya sauko, kogi ya hau fadamar ya rufe ta, sai kuma rani. Ranar Laraba jirginta zai tashi, tallafin kuma bana yake ƙarewa. In babu lakar nan, babu digiri.

Rebecca ba ta yi ihu ba. Tana zaune a bakin rijiya ta zuba tagumi, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

* * *

Ana cikin haka Malam ya dawo daga ta'aziyya a Tudun Wada. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, amma duk Makera Baba Ɗanjuma suke ce masa. Kafin ya yi gadi a masaƙa, mai bin sawu ne a dajin Kakau, shanun da aka sace yake nemo wa Fulani. Mutum ne da ba ya ganin hularsa ko tana kansa, sai ya tambaye ni, amma in kaza ta ratsa tsakar gida zai gaya maka ko ta wa ce.

Ya tsaya a zaure ya dubi ƙasa, ya dubi makwabtan da suka cika gidan, ransa ya ɓaci.

"An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, Allah ya ba ku shaida a sauƙaƙe, kun zo kun tattake ta kamar ana sussukar dawa. Kowa ya tsaya inda yake!"

Lydia ta ce ita ofishin 'yan sanda za ta. Malam ya ce, "Maman Rebecca, ɗan sanda bai taɓa shiga gidan nan ba. Ki ba ni zuwa la'asar. In ban samo ba, ni zan raka ki."

Ya tambayi su wa suka zauna a gida da safen. Mutum uku ne. Alexander mai gyaran famfo, da A'isha matar tela, da Hannatu, tsohuwar da ke ɗakin ƙarshe.

* * *

Kan Alexander aka fara taruwa, don kowa ya ji shi ranar Asabar yana cewa bututu mai kyau irin wannan ɓarna ce a cika shi da taɓo. Ga shi bai je coci ba, ga ɗakinsa cike da bututai. Saurayi ne daga Binuwai, dogo, mai son wasa, amma ranar ya fito ɗaure da tawul yana rantsuwa kamar zai yi kuka.

Malam ya ce, "Me ya hana ka coci?"

Ya sosa kai, sannan ya nuna igiyar shanya. Wandonsa na fita ɗaya ne tak, ya shanya shi, ruwan asuba ya jiƙe shi sharkaf.

"Haba Baba, da tawul zan je gaban fasto?"

Mata suka kwashe da dariya, Lydia kaɗai ta ƙi. Malam ya sa shi ya taka wata ƙasa mai danshi a gindin randa, ya durƙusa ya duba. Ƙafar yaron nan kamar farantin tuwo take. Ya ce ya je ya sa riga.

A'isha kuwa ciki ne da ita, ya tsufa, kuma ita ma an ji ta ranar Asabar tana cewa ƙamshin lakar kamar ta ɗiba ta ci. Lydia ta rantse ta ga fari-fari a leɓenta. Malam ba ya shiga ɗakin matar mutum, saboda haka ni aka tura.

Ina shiga ta fashe da kuka. "Mama, don Allah kada ki gaya wa maigidana."

Na ce, "Ke, ina bututun?"

Ta ɗaga matashin kai. Farar ƙasa ce ta kasuwa, ƙulli guda, ta ci rabi. Nas ta hana ta, miji ya hana ta, ita kuma rai ya ƙi haƙura. Na ƙwace na soke a ƙugu, na ce in na sake gani ni da kaina zan kai ta asibiti a yi mata allura. Na fito na ce wa Malam babu komai, ciwon masu ciki ne kawai.

Hannatu ba wanda ya zarge ta, gaisuwa ma muka je. 'Yar Gbagyi ce, tana ginin tukwane tun kafin a haifi rabin mutanen unguwar, ba ta da kowa sai mu. Ita ta yi renon Rebecca lokacin da Lydia ke aikin dare da rana, shi ya sa yarinyar ke ce mata Kaka. Ƙawata ce, faɗanmu ɗaya, kifi. Shekara da shekaru ina kai mata miyar tarwaɗa tana dawo mini da kwanona yadda yake, har na sa mata suna gimbiyar da ta fi ƙarfin kifi.

Mun same ta zaune a bakin ƙofa. Ta ce ƙafa ce ta hana ta coci, tana kwance, ba ta ji motsin kowa ba. Malam ya yi mata sannu, ya ɗan jima yana kallon ƙasa, sannan ya ce mini in zo mu zagaya.

* * *

Ta ƙofar baya muka fita, wadda ke kallon gonakin masara. Na bi shi ne don in riƙe masa sanda, kuma gaskiya don kada a ba ni labari. Nan babu wanda ya tattake. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"Ga shi. Ba takalmi. Ƙafa ƙarama, taku gajere. Mace ce."

"A'isha ke nan?"

"Mai ciki tana buɗe ƙafa, tana dannawa da diddige. Wannan yatsu take kafawa, kuma ta hagu ta fi nutsewa. Akwai kaya a jikinta."

Muka bi sawun ta cikin masara, yana gaba a sunkuye, ina baya ina mita saboda taɓo ya cinye mini silifa. Hanyar ta gangara wajen kogi. Akwai wata gwaiba a nan da reshenta ya gitta hanya, duk macen da ta taɓa ɗebo itace ta nan ta san shi, don sai ka durƙusa kake wucewa da kaya. Malam ya tsaya ya daɗe, har na gaji.

Ya ce, "Rakiya, in ke ce da bututun nan, ya za ki ɗauke shi?"

"In naɗa gammo in aza a ka mana. Da baki zan ɗauka?"

"To, in kin zo nan fa?"

"In tsaya, in haɗa ƙafa, in rage tsawo."

"Duba ƙasa."

Na duba. Sawun bai tsaya ba, bai haɗu ba, ya wuce abinsa kamar babu reshe a wurin. Sai Malam ya nuna mini jikin gwaibar ta hannun hagu, daidai kafaɗata. Ɓawon ya ɗan kuje, ga ɗan guntun salatif ya maƙale.

Ai ban san lokacin da na zauna a kan kunyar gona ba. A duk gidanmu mace ɗaya ce ba ta taɓa aza kaya a ka ba. Matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗauka, ko tulu ne ko itace, kuma sau nawa na tsokani Hannatu a kan haka tana ce mini kai ba jaki ba ne.

Na ce, "Malam, ƙarya ne. Yarinyar da ta goya?"

"Ƙafarta a wanke take tas ɗazu, har tsakanin yatsu. Mai kwanciya tun safe ba ya wanke ƙafa haka. Tashi mu ga ƙarshensa, kuma ki riƙe bakinki."

Ƙarshensa a 'yar gonar kuɓewarta ne, a kan gaɓa. Kogi ya cika ya yi ja, fadamar da Rebecca ta huda ko alamarta babu. Malam ya karanta mini sauran. Nan ta shiga ruwa, nan ruwan ya fi ƙarfinta ta dawo, nan ta durƙusa, ga gurbin gwiwoyi biyu. Bututun kuwa yana kwance a inuwar wata bishiya, an share wurin, an naɗe shi da majanyi, tsohon majanyin saƙi da ban taɓa gani ba.

Malam ya tsuguna, bai taɓa shi nan da nan ba. Ya ce, "Na bi ɓarayi da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya goya abin da ya sata ba."

* * *

Bayan la'asar ya tara kowa ƙarƙashin mangwaro. Alexander ya samu wando ya bushe, A'isha ta fito tana hararata, Lydia ta riga ta ɗaura ɗankwalin zuwa ofishin 'yan sanda. Hannatu ta jawo kujerarta ta zauna can gefe. Malam ya shiga zaure ya fito da bututun yadda muka same shi, da majanyinsa, ya kwantar a kan tabarma.

Rebecca ta yi tsalle ta faɗa kansa tana shafa salatif ɗin. Ba a buɗe ba, ba abin da ya motsa.

Lydia ta ce, "Wane ne? Baba, faɗi sunansa!"

Malam ya ce, "Alexander, a yafe mana, ba kai ba ne. A'isha, ke ma ba ke ba ce. Saura kuma, Maman Rebecca, kayanki ya dawo. Ni dai da za a bar shi haka, da na so. Sai dai majanyin nan yana da mai shi, ban san yadda zan mayar ba."

Ni na kafa ido a kan turmi don kada in dubi inda bai kamata ba.

"Nawa ne."

Hannatu ce. Ta taso a hankali, ta zo ta durƙusa gaban tabarmar. Lydia ta buɗe baki, na damƙe mata hannu.

Rebecca ta ce, "Kaka? Ke?"

"Buɗe, 'yata. Nuna mini tsingaron nan."

Yarinyar ta yanke salatif ta ɗaga rabin bututun. Hannatu ta nuna da ɗan yatsa, ba ta taɓa ba. A jikin tsingaron akwai layin da aka murza da totuwar masara, a ƙarƙashinsa gurbin farce uku a jere. Na juya na dubi randar da ke gindin mangwaro, wadda muke shan ruwa a cikinta kullum. Farce uku ne a wuyanta.

Ta ce, "Inda kika huda, nan gidanmu yake kafin a yi Makera. Na haifi ɗa, Shekwolo, bai yi tafiya ba ya rasu. Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama ne. Muka sa shi a bayan ɗaki, na kifa masa tukunyar da na gina da hannuna don in gane wurin. A daminar waccan shekarar ruwa ya zo ya ci gidan gaba ɗaya. Da ya janye babu tukunya, babu alama. Kowa ya ce kogi ya tone shi ya tafi da shi."

Ta share fuska da gefen zane.

"Jiya na ga tukunyata a cikin bututunki. Na ce abin da ruwa ya rage mini ke nan, shi ma za a sa shi a jirgi a kai Ingila. Na so in roƙe ki, na kasa, don na san karatunki ne. Na ce bari in mayar inda aka ɗauko. Ruwa kuma ya hana ni."

Lydia ta zame ta zauna a ƙasa da kayan cocinta. Alexander ya juya baya yana gyaran igiyar shanya da ba abin da ya same ta.

Rebecca ta ce, "Kaka, da na sani wallahi ko kusa da wurin ba zan je ba. Ki riƙe shi duka. Karatun ya tsaya."

"Kul! Kada in sake ji."

Yarinyar ta sunkuyar da kai a kan lakar tana hawaye. Can sai na ga ta goge ido, ta matso da fuska, ta ɗauki tsinke. Ta ɗebo ɗan abin da ke saman tsingaron ta murza a yatsu.

"Kaka, kawo hannunki. Murza wannan. Kin ji tsakuwa?"

"Babu. Sumul take, kamar lakar shafe tukunya."

"To ai ke kin fi ni sanin laka. Ruwan da ke gudu da ƙarfi har ya tone ƙasa, tsakuwa da yashi mai kaushi yake bari. Ga irinsa nan can ƙasa, taɓa ki ji. Wannan mai laushin kuwa sai ruwan da ya kwanta shiru yake sauke ta. Kuma duba ƙarƙashin tsingaron, baƙar ƙasar gidanku ce, da gawayin murhunku, ba abin da ya taɓa ta. Gefen tukunyar kaɗai ƙarfena ya gutsuro."

Hannatu ta dube ta, bakinta yana motsi. "Me kike gaya mini?"

"Ruwan bai tone komai ba a wurin nan. Zuwa ya yi ya tsaya, ya sauke laka a kai, ya koma."

"Ke nan yana nan?"

"Yana nan, Kaka, inda kika sa shi. Lulluɓe shi kawai aka yi."

Ban taɓa jin kuka irin na tsohuwar nan ba, kuma ban taɓa ganin kukan da ya yi wa mutum daɗi haka ba. Ta rungume Rebecca tana magana da yarensu, mu duka muna taya ta, har da Malam da ya ce wai hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido, alhali ko wuta ban hura ba.

* * *

Alexander ne ya kawo zarto. Rebecca ta auna kamu biyu daga sama ta ce ya yanke a nan, don abin da take nema na zamanin Rumawa yana can ƙasa, saman kuma ta zana shi a takarda ya ishe ta. Guntun da tsingaron ke ciki aka mayar cikin majanyi. Ta yi alkawari in rani ya yi, Malam zai kai Hannatu daidai ramin, don ta kwatanta masa duwatsun da ta yi alama da su. Ranar Laraba Hannatu ce ta ɗauki dogon guntun har bakin titi inda tasi ke jira, a kafaɗa, ta hana kowa taɓawa.

Amma ni abin da ya tsaya mini a rai na yammacin Lahadin ne. Bayan an watse na shiga na ɗora miya da tarwaɗar da na sayo da safe. Ina kwashewa sai na ga inuwa a ƙofar kicin. Hannatu ce, da ɗan kwanonta a hannu.

Ta ce, "Rakiya, na kogin nan ne?"

Na ce, "Na kogin nan ne."

Sai a lokacin na gane abin da ya hana ta ci duk shekarun nan, ni kuma ina ta yi mata tsiya. Ashe ta ɗauka kogin ne ya tafi da ɗanta, shi ya sa ta kasa cin abin da ke cikinsa.

Ta miƙo kwanon. "Sa mini tsakiya. Kuma kada ki yi mini rowar romo."